Gejin man mota

Gejin mai na'ura ce da ke nuna wa direba yawan man da ya rage a tankin mota. Kashi biyu ne: allurar da ke kan dashbod tsakanin harafin E da F, da kuma ma'aunin da ke nutse a cikin tanki. Yawancin matsalolin geji daga cikin tanki suke tasowa, ko da yake a kan allura ake ganinsu.

Yadda yake aiki

A cikin tanki akwai ɗan ƙwallo marar nauyi, na roba ko na tagulla, da ke yawo a saman mai. Yana haɗe da siririn ƙarfe wanda ɗaya bakinsa ke goga wani ɗan faranti mai turje wa wutar lantarki. Idan mai ya ragu, ƙwallon ya sauka, wurin gugar ya canja, ƙarfin turjiyar ma ya canja, sai allura ta bi. Ana auna turjiyar da om, kuma kamfanoni ba su bi tsari ɗaya ba. Motocin General Motors daga 1965 sun daɗe suna amfani da om 0 idan tanki ba kome, 90 idan ya cika. Tsofaffin motocin Ford kafin 1987 akasin haka suke, wajen 73 zuwa 10. Akwai kuma tsarin 240 zuwa 33 da ya yaɗu a Amurka, da 10 zuwa 180 na kamfanin VDO a Turai.

Wannan bambanci yana da muhimmanci wajen bincike. Idan waya ta tsinke a tsarin 0 zuwa 90, allura takan haura F ta tsaya. A tsarin 240 zuwa 33 kuwa, tsinkewar waya ɗin nan za ta kwantar da ita a E. Don haka ba a yanke hukunci daga inda allura ta maƙale kaɗai sai an san tsarin motar.

Abubuwan da ke lalata shi

Mafi yawa, farantin ne ke sudewa saboda gugar shekara da shekaru, musamman a daidai inda mai ya fi zama. Alamarsa ita ce allura ta riƙa tsalle ko ta faɗi ta sake tashi. Ƙwallon tagulla yakan huje ya sha mai ya nutse, sai geji ya nuna babu mai alhali tanki cike yake. Tsatsa a wayar da ke haɗe da ƙarfen jikin mota, da ƙonewar fiyus, su ma suna cikin sanadi. Gurɓataccen mai ma yana yi: a watan Mayun 2004 kamfanin Shell ya dakatar da sayar da fetur a ɗaruruwan gidajen mai a jihohin Fulorida da Luwiziyana, bayan sinadarin farar wuta da ya yi yawa a man ya ci azurfar da ke jikin ma'aunin motoci, gejinsu ya riƙa nuna akwai mai bayan ya ƙare.

Bincike

Makanikai sukan fara da abin da ba sai an taɓa tanki ba. Ana duba fiyus tukuna. A tsofaffin motoci, idan gejin mai da na zafin inji suka rikice lokaci guda, ana zargin ɗan abin da ke daidaita musu wuta a bayan dashbod, domin su biyun daga gare shi suke sha. A sababbin motoci kwamfuta ce ke karɓar saƙon tanki, kuma na'urar bincike takan fito da lambobi daga P0460 zuwa P0464 idan matsalar ta wannan layi ce.

Daga nan sai a cire soket ɗin ma'aunin, a kunna makulli ba tare da tayar da inji ba. Idan allura ta tafi ƙarshe ɗaya, sannan aka taɓa wayar da jikin mota na ɗan lokaci ta koma ɗaya ƙarshen, to allura da waya lafiyarsu lau, laifin yana cikin tanki. Wannan gwaji na tsofaffin motoci ne. A masu kwamfuta an fi son a yi amfani da mita. Idan an fito da ma'aunin, ana ɗora masa mita a ɗaga ƙarfen a hankali daga ƙasa zuwa sama. Lambar ya kamata ta tafi a jere. Inda ta yi tsalle ko ta ɓace, nan farantin ya mutu.

Gyara

Ma'aunin da ya sude canja shi ake yi, wankewa ba ta cika daɗewa ba. A motoci da yawa akwai murfi a ƙarƙashin kujerar baya, wasu kuwa sai an sauke tanki. Sau da yawa ma'aunin a haɗe yake da famfon mai, abin da ke ƙara tsadar aikin. Dole sabon ya dace da om ɗin tsohon, in ba haka ba allura za ta yi ƙarya ko ta juya baya. Kafin a buɗe tanki ana cire kan batir, a yi aikin a fili nesa da wuta da sigari, domin tururin fetur ya fi shi kansa fetur saurin kamawa.

Direbobi da dama sukan haƙura da mataccen geji, su riƙa lissafi da kilomita. Hakan yana da hasara: famfon da ke cikin tanki da man yake sanyaya, kuma yawan barin mota ta ƙafe yana rage masa kwana.