Kalma Ɗaya, Ma'ana Da Yawa: "Fast"

Ya kai ɗalibi, lura da kalmar Turancin nan "fast". In an ce mota tana "fast", gudu take yi. In an ce Musulmi suna "fast", azumi ke nan. Agogon da yake "fast" ya yi gaba, kada ka sha ruwa da shi! Yadin da rininsa yake "fast" kuwa ba ya zuba.

Asalin kalmar shi ne abin da ya kafu daram, shi ya sa ta dace da mai daurewa da azumi. Hatta "breakfast", wato karin kumallo, karya azumin dare take nufi.

Don haka a jarrabawa, karanta jimla duka tukuna kafin ka fassara. Allah ya ba da sa'a, amin.