Ƙafa Mai Jan Ƙasa: Yadda Ake Dawo Mata da Ƙarfi

Wataƙila kun taɓa ganin yaron da silifa ke yawan suɓuce masa, in zai yi taku sai ya ɗaga gwiwa sama kamar mai hawa matakala, yatsunsa kuwa suna jan ƙasa. Da yawa sai a ce ai shan inna ce. To ba kullum ba. Tun shekarar 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar shan inna daga Nijeriya, amma masu irin wannan tafiya ba su ƙare ba.

Akwai wata jijiya, ba ta jini ba, mai kai saƙo daga laka zuwa tsoka. Tana bi ta mazaunai, ta gangaro bayan cinya, reshenta ya kewayo gefen gwiwa ta waje, ya shiga tsokar gaban ƙwauri. Wannan tsoka ita ke ɗaga ƙafa sama. In jijiyar ta ji rauni, saƙo ya yanke, sai ƙafa ta yi laƙwas. Allurar da aka soka ba daidai ba a mazaunai tana jawo haka ga yara, shi ya sa ake yi wa jarirai a gefen cinya. Haka ma karaya, ko ɗorin da aka matse sosai, ko ciwon sukari, ko kuturta.

Abin farko, a kai shi asibiti. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, ƙafarsa ta saki farat ɗaya, dole a duba ko shan inna ce. Daga nan sai sashen gashi, kamar wanda ke Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Jijiya tana tohowa, amma a hankali, kusan milimita 1 a yini, wato wajen inci 1 a wata. Motsa jiki ba ya sa ta sauri. Amfaninsa shi ne kada ta iso ta tarar agara ta ƙage, idon sawu ya sandare. Saboda haka tun ƙafar ba ta motsi, yaro ya zauna ya miƙe ta, a zarga gyale a tafin ƙafar, ya jawo wajensa, ya riƙe kamar daƙiƙa 30, ya saki, ya maimaita safe da yamma. Yana ja yana ƙoƙarin ɗagawa da kansa, ko da bai ga komai ba.

Ranar da tsoka ta ɗan motsa, ko da babban yatsa ne kawai, nan ƙarfafawa ke farawa. Da fari a kwance ta gefe, don nauyin ƙafar bai danne shi. In ya iya, sai a zaune, diddige a ƙasa, yana ɗaga yatsu sau 10, ya huta, ya sake. Bayan haka a ɗaura robar tayar keke a ƙafar gado, a saƙala a bayan ƙafarsa, ya riƙa ja. Can gaba ya dafa bango ya yi tafiya a kan diddige. Kada a tsallake mataki, kuma in tsoka ta gaji a ƙyale ta. Tsokar da ke farfaɗowa ba ta son tilas.

Iyaye mata, a kula da ruwan zafi! Sau da yawa bayan ƙafar ba ya jin komai, sai a ƙona yaro da tsumma bai sani ba. A riƙa duba ƙafar kowane dare ko ta yi rauni.

A asibiti sukan ba da wani takalmin roba mai tallafe ƙafa, don hana tuntuɓe a hanyar makaranta. In watanni suka shige ba alamar motsi, a koma wurin likita, kada a yi ta jira. Akwai aikin gyaran jijiyar, akwai kuma wanda ake karkato agarar wata tsoka mai lafiya ta karɓi aikin ɗaga ƙafar.