Haɗuwar Hanyoyi da Bazuwar Gari: Misalin Rikoto a Zuru

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana yadda bazuwar gari ta ke shafar haɗuwar hanyoyinsa, mu kuma ɗauki Rikoto misali. Rikoto ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Zuru, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum fiye da 160,000.

Abin da mu ke nufi da haɗuwar hanyoyi shi ne yawan mararrabar da mai tafiya zai tarar, da kuma ƙarancin lungunan da ba su ɓullewa. Inda hanya huɗu suka gamu, mutum yana da zaɓi. Inda lungu ya ƙare a jikin katanga, sai ya juya. A 2020 Barrington-Leigh da Millard-Ball sun nuna cewa a sassa da yawa na duniya hanyoyin da aka shimfiɗa tun daga 1975 ba su kai na da haɗuwa ba.

Zuru ta bunƙasa ne a bakin manyan hanyoyinta, watau ta Rijau zuwa Kwantagora da ta Dabai zuwa Koko. Ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, da kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020, da ƙaurar mutanen Danko/Wasagu da Sakaba saboda 'yan bindiga, duk sun ƙara bukatar muhalli.

To, a nan ne awon igiya ya ke shigowa. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar birane a hannun gwamna, amma a gefen gari mai gona ne da dillali su ke yanka fuloti. Kowane taku da aka bar wa hanya kuɗi ne aka rasa, saboda haka sai a tsuke ta, kuma ba lalle ne ta dace da ta maƙwabcin gona ba. Sakamakon haka gida biyu da su ke baya da baya sai an zagaya ta babban titi kafin a sada su. Ɗan kabu-kabu ya ƙara kuɗi, motar asibiti ta tsaya a bakin unguwa, ruwan damina kuwa ya rasa magudana ya bi ta zaure.

A ganinmu, wannan ya fi rashin kwalta muni, domin kwalta ana iya zuba ta baɗi, amma buɗe lungun da aka gine sai da rusau da biyan diyya. Don haka muna ba da shawarar hukumar tsara birane da masu unguwanni su shata layukan da za su ratsa gonakin gefen Rikoto, su kafa musu duwatsun alama, tun kafin a sayar da fulotin farko.