Tsohon Gida Idan Ya Zama Wurin Taro

A manyan birane irin su Legas da Landan, majami'un Fentikostal sukan sayi tsofaffin gidaje da gidajen silima su mai da su wurin ibada. Inda ginin yake ƙarƙashin dokar kayan tarihi, gardama takan tashi a kan abu guda, wato bangayen ciki. Gida ɗakuna ne, masu ibada kuwa fili suke bukata.

A ginin Hausa wannan matsala ta fi tsanani. Azarar giginya ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin ƙafa 6. Saboda haka kowane bango na ciki yana riƙe da rufi, kuma wanda ya rushe shi don faɗaɗa ɗaki ya kira rufin ƙasa.

Magina na da sun san maganin wannan. Sukan ɗaura azara a kan azara, tana lanƙwasa daga bango zuwa tsakiya, har ta zama bakan gizo, sannan a yi ɗaurin guga a sama. Da wannan hikima Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Haka kuma a 1929 'yan mishan suka gina majami'ar Bartholomew ta Wusasa da tubali da azara. Duka biyun tun daga tushe aka tsara su don jama'a, ba gida aka fasa ba.

Gidajen da suka sauya aiki suka tsira su ne waɗanda sabon aikin ya bi tsarinsu. Gidan Makama na Kano ya zama gidan tarihi, zaurukansa suka zama ɗakunan nuni. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, shi ma an adana shi da zankayensa da zanen bangonsa.

Mu a ƙasar Gobir mun ga abin da rashin mai kula yake haifarwa. Alƙalawa ta faɗi a 1808, yau sai kufai. Tsofaffin zaurukan da suka rage a Sabon Birni da Isa, ko makaranta za su zama ko ofis, kada a taɓa bangon ciki, kada a lulluɓe su da siminti, domin yana tsare laima a cikin bango. A gyara indararo, a yi yaɓe kafin damina. Malaman makaranta kuma su kai ɗalibai su auna su, su zana su, tun dattawan da suka san maginansu suna raye.