Sankarar mama: ba kuɗin da ke cikin rigar mama ba ne

Bara wata maƙwabciyarmu a nan Habbena, mai sayar da atamfa, ta ji ƙullutu a mamanta na hagu. Wata takwas tana shafe-shafe da hayaƙi kafin ta yarda a kai ta asibiti. A zaman gaisuwa na ji mata suna cewa kuɗin da take cusawa a rigar mama ne ya jawo mata, wasu kuma suka ce jifa ne. Allah ya jiƙanta. Amma takardar sefa ba ta sa sankara.

Abin da likitoci suka tabbatar ya fi wannan kusa da mu. Na farko ƙiba, musamman bayan al'ada ta ɗauke. A lokacin kitsen jiki ne ke samar da sinadarin mata da ake kira istirojin, kuma yawansa na ciyar da mafi yawan nau'in sankarar mama. To, mu duba yinin mace 'yar kasuwa. Ta hau kilando zuwa Dembe, ta zauna kan tabarma daga safe har la'asar. Shayi mai kaurin sukari kofi bayan kofi, ga karkanji, wato zoɓonmu, ga lemon kwalba. Sukari da kansa ba ya haifar da cutar, ƙibar da yake tarawa ce matsalar. Mu maza ma da laifinmu: mu ne masu cewa matar da ba ta cika ba, mijinta ba ya ciyar da ita. Har wasu suna haɗiyar ƙwayoyin ƙiba don a daina yi musu gori.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Tafiyar rabin awa da sauri, kwana biyar, ta wadatar. Giya da taba suna ƙara haɗarin. Shayarwa kuwa tana rage shi: wani babban nazari na 2002 ya nuna kowace shekara guda ta shayarwa na rage shi da kusan kashi 4 cikin 100. Nan iyayenmu mata sun riga mu sani.

Sai dai kada a ɗora wa mara lafiya laifi. A 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da cutar a duniya, 670,000 suka rasu, kuma kusan rabin masu kamuwa ba su da wani dalili da ya wuce kasancewarsu mata da suka haura 40. Siririya mai shayarwa ma tana kamuwa.

Don haka, Hajiya, in kin ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko kan maman ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko da babu zafi, ki je a duba a makon nan, kada ki jira gangamin watan Oktoba. Alhaji, kai ma ka rufe shagon ka raka ta.