YARON DA GIYA TA TAƁA TUN YANA CIKI: BULALA BA ZA TA GYARA SHI BA

A wannan wata za mu yi magana a kan wata lalura ta yara wadda ba a cika tayar da zancenta a zango ba, wato lahanin da giya ke yi wa jariri tun yana cikin mahaifiyarsa. Likitoci na kiranta FASD a taƙaice. Na san wani zai ce, "Malam, mu Musulmi ne, ina ruwanmu da zancen giya?" To, ruwanmu a ciki dumu-dumu. A Nima da Sabon Zango a Akra, da Aboabo a Kumasi, cakuɗe muke zaune da sauran ƙabilu, muna auratayya, muna riƙon marayu, 'ya'yanmu da nasu kuma benci ɗaya suke zama a aji. Ban da haka, akwai magungunan gargajiya na saiwoyi da sassaƙe da ake jiƙawa a cikin akpeteshi, mai ciki ta sha da sunan maganin ciwon mara ko ƙarin jini, alhali ba ta san abin da ke cikin kwalbar ba.

Ba jiya aka gano wannan lalura ba. A shekarar 1968 wani likitan yara a birnin Nantes na ƙasar Faransa, Paul Lemoine, ya yi bayanin yara 127 da iyayensu mata mashaya ne, ya ga kamanninsu da matsalolinsu sun zo ɗaya. A 1973 kuma Kenneth Jones da David Smith na Jami'ar Washington a Amurka suka raɗa wa cutar suna. Wani babban bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa kusan yara 8 cikin kowane 1,000 a duniya suna da ita, a Afirka ta Kudu kuwa adadin ya kai 111 cikin 1,000. A can an daɗe ana biyan ma'aikatan gonakin inabi wani ɓangare na ladansu da giya, har shan ya zama gado.

Yadda abin yake faruwa shi ne, duk abin da uwa ta sha yana shiga jininta, daga nan ya ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi. Hantar ɗan tayin ba ta yi ƙwarin da za ta tace giya ba, sai ta daɗe a jikinsa tana ɓata ƙwaƙwalwar da ke cikin haɗuwa. Fuska tana fara haɗuwa tun makonnin farko, sau da yawa kafin mace ta san ta ɗauki ciki, ƙwaƙwalwa kuwa tana girma har watan haihuwa. Saboda haka masana lafiya suka ce babu wani lokaci, babu kuma wani ma'auni na giya da mai ciki za ta sha a ce ba komai, fito ne ko burukutu, giyar kwalba ce ko akpeteshi. Shi ya sa kuke jin tallar giya a rediyon Gana tana ƙarewa da gargaɗi ga masu juna biyu.

Wasu yaran ana iya gani a jikinsu: ƙaramin kai, ƙananan idanu, leɓen sama siriri, kwarmin da ke tsakanin hanci da leɓe kuma a shafe, ga rashin girma. Amma mafi yawansu fuskarsu lafiya lau, lahanin a ɓoye yake, sai a hali yake fitowa. Yana jariri ba ya barci sosai, ba ya kama nono da kyau, hayaniya kaɗan ta firgita shi. Da ya tasa, sai ka ga ba ya iya zama wuri ɗaya. Ka koya masa abu yau ya iya, gobe kamar bai taɓa ji ba. Ka aike shi sayen gishiri da ashana da sabulu, ya dawo da ɗaya ko ya dawo hannu wofi. Lissafi da canjin kuɗi da sanin lokaci suna ba shi wuya ƙwarai. Mafi ban tausayi, ba ya iya haɗa laifi da hukuncinsa, sai a doke shi a kan abu da safe, da yamma ya maimaita.

A nan ne mu malamai da iyaye ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Yaron da ba ya gani da kyau ba a dukansa don ya kasa karanta allo, gaba ake dawo da shi. To, haka shi ma wannan. Abin da ake kira taurin kai ko wauta, ko a ce aljanu ne, rauni ne a ƙwaƙwalwa, bulala kuwa ba abin da take ƙara masa sai tsoro da gudun makaranta. Lalurar ba ta warkewa, amma yaron yana koyo in aka bi da shi ta hanyar da ta dace. Wani bincike da Ann Streissguth ta jagoranta a Amurka a 1996, a kan mutane fiye da 400 masu wannan lalura, ya nuna waɗanda aka gano matsalarsu kafin shekara 6, suka tashi a gida mai kwanciyar hankali ba tare da cin zarafi ba, su ne suka fi tsira daga barin makaranta da faɗawa hannun hukuma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Me za a yi masa a gida? A tsayar masa da tsari guda: lokacin tashi, wanka, cin abinci da kwanciya kada su riƙa sauyawa. A ba shi umurni ɗaya a lokaci ɗaya, da gajerun kalmomi, ana kallon idonsa. "Ka yi hankali" ba ta gaya masa komai, a ce masa "ajiye kofin a kan tabarma." A nuna masa da hannu, a maimaita, gobe a sake maimaitawa ba tare da tsawa ba. In ya yi daidai a yaba masa nan take. In ya harzuƙa a janye shi wuri mai shiru har ya huce. A kuma sa masa ido wajen wuta da rijiya da bakin titi, domin ba ya hango haɗari, kuma kowa ya kira shi sai ya bi.

A makaranta, ta boko ce ko ta allo, a zaunar da shi kusa da malam, nesa da taga, a gutsura masa darasi kaɗan-kaɗan, lissafi kuma a yi shi da tsakuwa ko murfin kwalba. Dokar naƙasassu ta Gana ta 2006 da manufar ilimin bai-ɗaya ta 2015 sun ba irin waɗannan yara damar zama a aji tare da 'yan'uwansu, don haka kada iyaye su yarda a ce musu su riƙe shi a gida. Duk wanda ya ga alamu ya gaya wa nas a wurin awon yara, ta tura shi ga likita. Kada mu yanke hukunci da kanmu, domin ciwon kunne da wahalar haihuwa da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa duk suna kawo irin waɗannan alamu.

Sai maganar uwa. Babu macen da ke sha don ta cuci ɗanta. Wata ba ta san tana da ciki ba, wata an ce mata magani ne, wata kuma baƙin cikin gida ne ya jefa ta. In muka tsangwame ta, ɓoyewa za ta yi, yaron ya rasa taimako, ciki na gaba ma ya shiga haɗari. In kuwa ta daina, ko a tsakiyar ciki ne, akwai amfani. Maigida ya taimaka mata, maƙwabta su karɓi yaron na ɗan lokaci ta huta, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun 1999 aka keɓe ranar 9 ga Satumba don wayar da kai a kan wannan lalura, tara ga watan tara saboda watanni taran ciki. Ina kira ga limamanmu da sarakunan zango da ƙungiyoyin mata su yi amfani da ita, su gayyato nas ta yi wa jama'a bayani da Hausa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba masu riƙon waɗannan yara haƙuri da lada, amin.