Ɗaki Ɗaya Har Shekara 35: Matasan Birtaniya da Tallafin Kuɗin Haya

A Birtaniya, matashin da kuɗin haya ya fi ƙarfinsa yana da damar neman agajin gwamnati, sai dai shekarunsa ake fara dubawa kafin girman buƙatarsa. Duk wanda bai cika shekara 35 ba, yana zaune shi kaɗai babu iyali, kuma yana haya a hannun mai gida mai zaman kansa, doka ta yanke cewa ɗaki ɗaya ya ishe shi a gidan haɗaka, inda ake tarayya a madafi da makewayi. Kuɗin wannan ɗakin kaɗai za a ba shi.

An kafa wannan ƙa'ida a 1996 a kan 'yan ƙasa da shekara 25, sannan a Janairun 2012 aka ɗaga ta zuwa 35. Daga 2013 kuma aka soma tsarin Universal Credit, wanda ya haɗe tallafi iri 6 wuri guda, har da na haya. A 2017 gwamnati ta janye tallafin haya daga da yawa cikin masu shekara 18 zuwa 21, bisa hujjar cewa za su iya zama gaban iyayensu, amma ta mayar da shi a ƙarshen 2018. An yi sassauci ga wasu, kamar waɗanda suka tashi a hannun hukuma, har su kai shekara 25, da waɗanda suka tsere wa cin zarafi a gida.

Babbar matsalar ita ce giɓi. A ƙa'ida, ana yanka tallafin ne yadda zai biya hayar gida 3 mafi araha cikin kowane 10 a yanki. Amma an daskarar da adadin daga 2016 zuwa 2020, aka sake daskarar da shi har 2024, alhali haya tana ta hauhawa. Dole matashi ya cike ragowar daga kuɗin abincinsa, wanda shi ma ya fi ƙanƙanta ga wanda bai kai 25 ba. Ga kuma jiran kusan mako 5 kafin biyan farko, wanda mutane da yawa ke tsallakewa da rancen da za a riƙa cirewa daga baya.

Ga matashi Musulmi a Birmingham ko Bradford, gidan haɗaka yana da nasa nauyin: zama da baƙin ido, maza da mata, da tukunya da firji ɗaya da waɗanda ba su damu da halal ba. Matsin yakan sa wasu su ɓoye aikin da suke yi, ko su yi shiru game da aurensu don kada a rage musu. Karɓar haƙƙin da doka ta tanada ba abin kunya ba ne, amma samun sa ta hanyar ƙarya cin amanar dukiyar jama'a ne. Hukuma tana karɓe abin da aka biya fiye da kima, tana cin tara, tana kuma iya kai mutum kotu.

Ɗalibanmu da ke shirin tafiya karatu su lura da kyau: bizar ɗalibi tana ɗauke da sharaɗin haramcin cin kuɗin tallafin gwamnati, kuma saɓa masa yana iya jawo asarar izinin zama. Don haka iyaye su lissafa kuɗin haya na shekara cikakkiya tun kafin a sayi tikiti, domin ɗansu ba shi da rabo a wannan asusun.